Bango Mai Waƙa: Tarken Fadar Alhamra

Mai tunkarar fadar Alhamra daga cikin birnin Garnaɗa, a kudancin ƙasar Sifaniya, ba ya ganin wani abin ƙawa. Ganuwa ce ja da hasumiyoyi masu kusurwa huɗu, a shimfiɗe bisa tudun Sabika tsawon abin da ya haura mita 700, kusan babu zayyana babu sassaƙa. Yawancinta da ƙasa aka gina ta, ana cuɗa ta da tsakuwa da farar ƙasa a daɓe tsakanin alluna har ta sandare, kuma ana jin jan launin nan ne ya ba ta sunanta na Larabci, wanda ma'anarsa ita ce Ja. Sai an ratsa ƙofofi an bi lunguna masu duhu sannan al'amari ke juyewa. A ciki bango ba shi da masakar tsinke saboda ado: tayil mai launi daga ƙasa, shafen farar ƙasa da aka sassaƙa kamar saƙa a tsakiya, rufin katako a sama. Cikin adon nan kuwa, sau da yawa a daidai tsayin idon mutum, akwai rubutu. Ayoyi ne da addu'o'i da taken gidan sarauta, da kuma baitocin da marubutan fada uku suka tsara, wato Ibn al-Jayyab, da almajirinsa Ibn al-Khaɗib, da almajirin shi wannan, Ibn Zamrak.

Rubutun nan shi ya ba ɗalibin adabi haƙƙin sa baki a maganar da aka saba barin wa magina da masu tarihi. Fiye da mutum miliyan 2 ke ziyartar fadar kowace shekara, akasarinsu kuma haruffan nan zane ne kawai a idonsu. Ra'ayin da wannan maƙala ta tsaya a kai shi ne, Alhamra waƙar fada ce da aka yi da ƙasa da itace da ruwa, kuma ma'aunin waƙar fada ya kamata a ɗora ta a kai: yaya ta ɗaga ubangidanta, kuma me ta ƙi faɗa game da shi.

Kafin a auna yabo sai an san wanda ake yaba wa. Muhammadu na Ɗaya, wanda aka fi sani da Ibn al-Ahmar, ya fara ginin a 1238, shekara biyu bayan Kurɗuba ta faɗa hannun Kiristocin Kastila. A 1246 ya yi mubaya'a ga sarkinsu Fernando na Uku a kan zai riƙa biyan gandu duk shekara, har ma ya ba da mahaya suka taya Fernando kewaye Ishbiliya, birnin Musulmi, wanda ya faɗi a 1248. Ana ba da labari cewa da ya komo gida jama'a suka tare shi da kirarin mai rinjaye, shi kuwa ya amsa cewa babu mai rinjaye sai Allah. Ko labarin ya inganta ko ƙagen baya ne, kalmar ta zama taken zuriyarsa, Banu Nasar, aka kuma maimaita ta a bangon fadar har ido ya gaji da ƙirgawa. Ita ce amshin waƙar. Ana iya karanta ta a matsayin ƙanƙan da kai, ana iya karanta ta a matsayin lallashin zuciyar wanda ya san an fi ƙarfinsa, domin in ba mai rinjaye sai Allah, to shi ma sarkin Kastila da ake kai wa gandu ba mai rinjaye ba ne. Amshi mai harshen damo irin wannan ya dace da daular da ta rayu shekara fiye da 250 a kan dabara, tana jingina yau da Kastila, gobe da sarakunan Fas.

Mafi girman abin da ya rage na fadar aikin sarakuna biyu ne, Yusufu na Ɗaya (1333–1354) da ɗansa Muhammadu na Biyar. A ɓangaren Yusufu, baƙo yana fitowa ne cikin Farfajiyar Raihani, inda wani tafki mai tsawon kusan mita 34 ya cinye tsakar gidan, da shingen raihani a gefensa biyu. Ruwan ba ya tsalle ba ya ƙara. Ta ƙananan bakuna yake silalowa a hankali don kada fuskar tafkin ta motsa, saboda aikinsa shi ne ya zama madubi. Hasumiyar Kumaris, mai tsayin kusan mita 45, tana tsaye a arewa, inuwarta kuma tana kwance cikin ruwan, sai jakadan da ya zo gaisuwa ya ga gini biyu inda aka gina ɗaya. Wannan kambamawa ce tsantsa, amma irin wadda ba a iya ƙaryatawa, tunda ido ne ya shaida.

Cikin hasumiyar soron karɓar jakadu yake, faɗinsa ya ɗan haura mita 11 ta kowace fuska, tsayinsa wajen mita 18. Bangonsa ya yi kauri har an fafe ƙananan ɗakuna tara a jikinsa, kowanne da tagarsa. Sarki yana zama a na tsakiya, mai fuskantar ƙofa, haske na shigowa daga bayansa, don haka mai shigowa ba ya ganin fuskarsa sosai, alhali shi yana ganin kowa. A saman su duka akwai rufin katako da aka harhaɗa da gutsattsari fiye da 8,000, an jera su taurari-taurari hawa bakwai, sannan aka rubuta Suratul Mulk a ƙarƙashinsa, surar da ta ambaci sammai bakwai kuma ta buɗe da cewa mulki a hannun Allah yake. Ɗan ɗakin da sarki ke zama kuwa an sa masa baitoci yana magana da bakinsa, yana ɗaukar kansa zuciya a tsakanin sauran ɗakunan, yana kwatanta mai zama cikinsa da rana. A nan, a ganina, ginin da rubutun suka fi haɗa baki. Surar ta tsare sarki daga zargin girman kai, rufin ya mayar da soron ƙaramar duniya, wurin zaman ya sa shi a tsakiyarta. Sai dai mai karatu ya tuna cewa wannan rana da ake wa kirari, a 1340 an fatattaki rundunarsa tare da ta Sarkin Fas Abul Hasan a yaƙin kogin Salado, a 1344 ya rasa tashar jiragen ruwa ta Jaziratul Khadra'u, sannan annobar 1348 ta shigo ƙasarsa ta tafi da Ibn al-Jayyab a shekara mai bi mata. Mafi ƙasaitar soron sarauta da ya rage daga Andalus an gina shi ne a zamanin da komai ke zubewa.

Salon nan na sa bango ya yi magana, wanda manazarta ke kira mutuntarwa, shi ne babbar dabarar mawaƙan Alhamra. Taga tana cewa ita ido ce, gurbin ajiye tulu a bakin ƙofa yana kwatanta kansa da amarya ko da mihrabi, ɗaki yana kiran kansa lambu. Amfanin dabarar a fili yake. Maroƙi in ya yabi sarki kowa ya san kyauta yake nema, amma in dutse ne ya yi yabon, wa za a zarga da kwaɗayi? Mawaƙin ya ɓuya a bayan bango, yabon ya fito kamar shaidar da halitta ta bayar da kanta. Raunin dabarar ma daga nan yake. Idan aka kwashe baitocin daga bango aka zuba su a takarda, da yawansu ba su wuce kayan gado ba: sarki rana ne, wata ne, girgije ne mai zubar da kyauta, zaki ne a fagen fama. Mawaƙan Larabci sun shekara ɗaruruwa suna juya waɗannan kamance kafin a haifi Ibn Zamrak. Wasu baitocin ma ba don bango aka yi su ba. Waɗanda ke zagaye da Soron 'Yan'uwa Mata Biyu an tsamo su ne daga wata doguwar ƙasida da aka rera a wani bikin gidan sarki, aka gyara su suka dace da wurin. Mai neman sabon tunani a waƙar ita kaɗai zai koma hannu rabbana.

Amma ba ita kaɗai aka yi ta don ta tsaya ba, kuma Farfajiyar Zakoki, aikin Muhammadu na Biyar bayan 1362, ita ce hujja. Ginshiƙai 124 ne na farin dutse, sirara kamar kara, wani shi kaɗai, wasu biyu-biyu, wasu uku-uku, har mutum ya rasa inda lissafin jerin ya dosa, ko da yake akwai lissafin. Bakunan da ke kansu ba su ɗauke da nauyin komai. Katako da tubali ne a ɓoye ke riƙe da rufin, abin da ido ke gani labule ne na farar ƙasa da aka huhhuda don haske ya ratsa. A tsakiya zakoki goma sha biyu na dutse sun goyi wani babban kwano, ruwa na fita ta bakunansu, ƙananan magudanai huɗu kuma sun haɗa tsakiyar da ɗakunan da ke fuskoki huɗu. A leɓen kwanon an sassaƙa baitoci goma sha biyu na Ibn Zamrak, kuma jigonsu ruɗanin da ke tsakanin ruwa da farin dutse ne, yadda mai kallo zai kasa rarrabe mai gudu da mai tsaye, sai kuma kamanta kwanon da hannun sarki mai kwarara alheri ga mayaƙansa. A takarda wannan wasa da hankali ne da aka saba ji. A wurin kuwa, ruwan yana malala bisa harafin da ke maganar malalarsa. Haka abin yake a Soron 'Yan'uwa Mata Biyu: baitocin na maganar taurari da falaki mai juyawa, sama da su kuma ga ƙubba mai ramuka kusan 5,000 kamar saƙar zuma, irin aikin da ake kira muƙarnas, tagogi na ƙarƙashinta suna sauya mata haske daga hantsi zuwa la'asar har ta yi kamar tana motsi. Mawaƙin ya yi alkawari, maginin ya cika. In za a raba lada, ni maginin zan ba kaso mafi tsoka, ga shi kuwa sunan mawaƙin aka adana, na masu sassaƙar ya bi iska.

Yanzu ga abin da waƙar ta ƙi faɗa. Wanda ya saba da waƙoƙin fada na ƙasar Hausa, irin na Narambaɗa ko Sa'idu Faru, ya san yabo ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai zuga, akwai habaici da zambo, kuma mafi yawan habaicin 'yan sarki ake yi wa, masu hangen gadon da wani ke kai. Makaɗin ya san cewa abokin gaban sarki na ƙwarai a cikin gida yake kwana. A bangon Alhamra an ambaci abokan gaba na waje, har akwai baitocin da ke murnar ƙwato Jaziratul Khadra'u a 1369, amma ɗan'uwa mai jiran gado ba shi da gurbi a cikin adon. Ga kuwa abin da tarihi ya rubuta. Isma'ilu na Ɗaya danginsa ne ya kashe shi a 1325. Ɗansa Muhammadu na Huɗu an kashe shi a 1333. Yusufu na Ɗaya an daɓa masa wuƙa yana sallar Idi a 1354. Muhammadu na Biyar kuwa, a 1359 aka hauro ganuwa da dare aka naɗa ƙanensa Isma'ilu na Biyu, shi ya tsere har Fas. Shekara guda bayan haka aka kashe ƙanen, wanda ya kashe shi ma aka kashe shi a 1362, sannan Muhammadu ya komo gadonsa ya gina Farfajiyar Zakoki. Mutumin da ya ga wannan da idonsa shi ne ya sa aka rubuta wa bangonsa salama da dawwama.

Abin da baitocin suka haɗiye, zubin ginin ya tona shi. Babbar ƙofar da Yusufu ya gina a 1348, Babus Shari'a, ba ta miƙe ba. Mai shiga sai ya karya kwana bayan kwana a cikin duhu, inda tsirarun dogarai za su iya tare taro. A cikin fadar ma ba a wucewa daga farfajiya zuwa farfajiya kai tsaye. Kyakkyawar fuskar bangon nan da ke gaban ɓangaren Kumaris tana da ƙofofi biyu iri ɗaya, amma ta hagu ce ke bin wani lungu mai lanƙwasa zuwa wurin sarki. Za a ce ai wannan tsarin sutura ne, irin wanda Bahaushe ya sani a zaure da shigifa, inda ba a barin idon baƙo ya faɗa cikin gida. Haka ne, sutura na ciki. Amma gidan da sarakuna huɗu cikin shekara 35 suka mutu ta hanyar kisa, lungunsa ba na kunya ba ne kaɗai. Ana iya cewa Alhamra tana da murya biyu, ta bango mai cewa lafiya lau, da ta ƙofa mai cewa a yi hattara, kuma daɗin karanta ta yana cikin jin su tare. Wanda ya ji ta farko kaɗai kallon kitse ya yi wa rogo.

Su kansu mawaƙan ba su tsira daga abin da suka ɓoye ba. Dukansu uku waziran sarki ne kuma shugabannin ofishin rubuce-rubucen fada, wato alƙalamin da ke tsara baiti shi ke tsara wasiƙar yaƙi da ta sulhu. Ibn al-Khaɗib, masanin tarihi kuma likita, abokin Ibn Khaldun, ya gudu Maroko a 1371 da ya ga alamar an juya masa baya. Aka bi shi da tuhumar zindiƙanci, kuma wanda aka tura Fas ya jagoranci tuhumar shi ne almajirinsa Ibn Zamrak, wanda ya gaje kujerarsa. An shaƙe malamin a kurkuku a 1374. Kusan shekara ashirin bayan haka aka shiga gidan Ibn Zamrak da dare bisa umarnin wani sabon sarki aka kashe shi. Ba na kawo wannan don a ƙi baitocinsa ba; ruwan kwanon zakoki bai san abin da ya faru a Fas ba. Na kawo shi ne don mai nazari ya san farashin irin wannan natsuwa, ya kuma daina ɗaukar santsin lafazi a matsayin shaidar kwanciyar hankalin mai shi.

Lambunan su ne ɓangaren da aka fi yi wa gurguwar fahimta. Tudun Sabika ba shi da ƙorama. Aikin farko na Ibn al-Ahmar shi ne datse kogin Daro a wajen kilomita 6 daga sama, ya jawo ruwa ta doguwar kwata a gefen dutse har ya iso bisa tudun, kuma duk wani tafki da maɓuɓɓuga na fadar daga wannan kwata yake sha. Kafin ta iso fadar tana ratsa gidan shaƙatawar sarakunan, wanda sunansa na Larabci Jannatul Arif ya rikiɗe a bakin Sifaniyawa. Abin da ke kewaye da gidan nan gonaki ne na kayan miya da itatuwan marmari, hawa-hawa a jikin tudu, wasunsu ana noma su har yau. Wani malamin Almariya na wannan zamani, Ibn Luyun, ya yi waƙar koyar da noma inda ya bayyana yadda ake tsara irin wannan gida, kuma amfani da ni'ima a haɗe suke a wurinsa. Dogayen shingayen da aka aske da filayen furanni da baƙo ke ratsawa a yau kafin ya isa gidan, a ƙarni na 20 aka dasa su. Ruwan da ke tsalle yana gittawa a kan doguwar kwatar tsakar gidan, wanda ya fi komai fitowa a hotuna, ƙarin baya ne shi ma. Bayan gobarar 1958 aka tona wurin aka tarar da cewa asalin fangalin shukar a ƙasa yake da hanyar tafiya, ruwan kuma a hankali yake zuba. Lambun na mai zama ne a kan shimfiɗa, kan furanni daidai idonsa, kunnensa na jin silalar ruwa. An mayar da shi na mai yawo da kyamara, an ƙara masa ƙara. Abin da ya fi kusa da ruhin asali shi ne matakalar nan da ruwa ke gangarowa ta cikin kwarmin da aka yi a kan bangayenta biyu, yadda mai hawa zai tsoma hannu yana tafe. Babu baiti ko ɗaya da ake bukata a wurin.

Ranar 2 ga Janairu 1492 Abu Abdullahi, sarki na ƙarshe, ya miƙa mabuɗan. Waɗanda suka karɓa ba su rushe fadar ba, sun mayar da ita tasu, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san cewa tun a shekarun 1360 Sarki Pedro na Kastila, abokin Muhammadu na Biyar, ya gina fadarsa a Ishbiliya da irin wannan ado, har taken Banu Nasar yana rubuce a fuskarta. Amma a 1527 jikansu, Sarki Carlos na Biyar, ya sa Pedro Machuca ya fara wata sabuwar fada a manne da tsohuwar: ginin dutse mai kusurwa huɗu, mita 63 kowace fuska, da da'irar fili a cikinsa. Gini ne mai kyau a irin nasa, kuma kishiyar maƙwabciyarsa ne ta kowace hanya, domin shi adonsa a waje yake, ƙofarsa a miƙe, ƙarfinsa a bayyane. Mai shi ba ya tsoron kowa, don haka ba ya bukatar lungu. Da harajin da aka ɗora wa Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci aka biya kuɗin aikin. A 1567 aka haramta musu magana da rubutu da Larabci, a 1568 suka yi tawaye, kuɗin ya yanke, ginin ya zauna babu rufi har ƙarni na 20, Carlos kuwa bai taɓa kwana a cikinsa ba. Tsohuwar fadar ta farar ƙasa da katako, wadda aka gina da kayan da ba su da tsada, ita ta ci gaba da rera yabon Yusufu da Muhammadu cikin harshen da doka ta hana a furta a ƙasan tudun.

Da masu karatun suka ƙare, sai masu kallo suka gaje ta. Marubucin Amurka Washington Irving ya zauna a cikinta a 1829, ya fitar da littafinsa na tatsuniyoyin Alhamra a 1832, ya cika sorayen da aljanu da gimbiyoyi da dukiyar da aka binne. Littafin ya taimaka wajen jawo hankali ga gyaran fadar, wannan ba a musu, amma ya maye gurbin muryarta da tasa. Masu gyara na ƙarni na 19 suka bi sahu, har suka ɗora wata ƙubba mai tayil kala-kala a kan ɗaya daga cikin rumfunan Farfajiyar Zakoki don wurin ya ƙara kama da Gabas ɗin da ke cikin kansu. Sai a 1934 Leopoldo Torres Balbás ya sauke ta, ya sha suka a kan haka. Launukan ja da shuɗi da ruwan zinariya da suka rufe sassaƙar a da sun koɗe, saura ɗan burbushi a cikin ramukan muƙarnas, kuma farin da baƙi ke yaba wa a yau a matsayin tsabtar ɗanɗanon Banu Nasar, su Banu Nasar ɗin ba su taɓa ganin sa ba.